Cinikin da Yaya Bai Rufe Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A safiyar Laraba, 9 ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran yayanmu, wanda duk layinmu ke kira Mai Jira. A bakin ƙofar ɗakinsa ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Yaya, sana'arka sayen hannun jari ta waya. Ka saya ka riƙe 'yan kwanaki ko mako biyu, in farashi ya ɗaga ka sayar. Mu dai zaman banza muke gani. Na sha yi maka tsiya cewa kujerar robar nan ta fi matarka saninka, sai ka yi dariya ka juyo min da kwamfuta, kana nuna min layuka kore da ja kamar zan gane. Alhali da wannan zaman ka ɗauki nauyin karatuna har na gama. Da mai gyaran waya na bakin titi ya kawo jarinsa kaf don ka zuba masa, ƙi ka yi, ka ce sai ya fara koyon inda ake fita kafin a shiga. Ya tafi yana fushi. Ranar jana'izarka shi ya fi kowa kuka.

Ranar Litinin ka sayi hannun jarin wani kamfanin siminti da kuɗin da muka tara na aikin idon Mama. Ba ka ɓoye mana ba. Likita ya sa ranar aikin ƙarshen wata, ka durƙusa gabanta ka ce, "Mama, zuwa Juma'a na sayar na fita, in sha Allahu." Ba ka ga Juma'ar ba.

Yanzu wayarka na kan tebur, ba ta buɗuwa sai da yatsanka. Dillalan da ke riƙe da asusun sun ce sai takardun gado, takardun kuma sai an yi watanni. Farashi na ta sauka, muna kallo a wayar mai gyara, ba halin sayarwa. Wayarka kan yi ƙarar da ka saita wa farashi, ni da matarka mu kalli juna, ba mu san sayarwa take nufi ko jira ba. Wallahi Yaya, wani lokacin haushinka nake ji, sai kuma kunya ta rufe ni.

Jiya na daure na gaya wa Mama cewa aikin ba zai yiwu a watan nan ba. Ta lalubo hannuna ta ce, "Bar wahalar da kanki. In an buɗe idon, wa zan gani?"

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da dukan dangi. Mama kuwa, Allah Ya ba ta haƙurin rashinka, Ya kuma sa ta yarda a yi mata aikin.