Audugar Likkafanin Inna

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa ba su tafi ba, muna zaune a Tudun Wada ta Zariya, ni da matata da mahaifiyata. Ban yi boko ba, allo na yi, amma Allah Ya ba ni hannu mai kyau a ajami. Saboda haka idan En'e, wato hukumar gargajiya, ta fitar da sanarwa, mai unguwa yakan kira ni, a karanta mini, in juya ta zuwa ajami, a manna a bakin kasuwa da ƙofar masallaci, don a lokacin masu karanta boko ba su da yawa. Aikin bai taka kara ya karya ba, amma ni a raina kamar da ni ake mulkin ƙasar. Har tafiyata sai da ta canza.

Mahaifiyata ba ta kiran sunana, da yake ni ne ɗanta na fari. Da ta ga yadda nake ɗaga kafaɗa, sai ta laƙaba mini Malamin En'e.

A bayan ɗakinta akwai tushen auduga guda uku, irin ta gargajiya wadda ba ta mutuwa da rani, har ta fi mutum tsawo. Irin daga wurin mahaifiyarta ta samo shi, ta taho da shi daga ƙauye a ƙulle cikin tsumma. A gindinsu take alwala, shi ya sa ko da rani suna kore. Da wannan auduga take kaɗa zaren likkafaninta, kamar yadda tsofaffin mata da yawa suke yi a zamanin. Ta tsinka, ta gurje, ta shiɓe, ta zauna da mazari da alli tana kaɗi tana salati. Idan zare ya taru ta aika wa masaƙi. Shekara huɗu tana wannan aiki. An gama zane da riga da ɗankwali, an fara babban mayafin da ake naɗe mamaci da shi a ƙarshe, saura kamar rabi.

Na taɓa ce mata, "Inna, ga alawayyo cike da kanti, me ya sa kike wahalar da idonki?"

Ta ce, "Wanda ya saƙa alawayyon ka san shi? Ni wannan na san gindinsa, na san ruwan da ya sha. Da shi nake so in tafi."

Ana nan sai doka ta fito. An ce wata tsutsa tana ɓata audugar manoma, kuma a tsofaffin karare take fakewa har damina ta zagayo. Don haka duk mai auduga ya tuge ta ya ƙone kafin ranar da aka sa, wanda ya ƙi kuwa sai gaban alƙali. Ni na rubuta takardar, har na yi mata ado da jan tawada.

Na dawo gida na karanta wa mahaifiyata. Ta saurara har na kai ƙarshe, sannan ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗaki. Rassan sun yi nauyi da 'ya'ya, kore shar, ko ɗaya bai fashe ba.

Ta ce, "Duba nan, Malamin En'e. Kwana ashirin kawai nake nema. Su fashe in tsinke, mayafina ya cika. Bayan nan ko ka ƙone har da dangar."

Na ce, "Inna, saura kwana shida wa'adin ya cika."

"To tsutsar ta karanta takardar taka ne, da za ta san wa'adi?"

Matata ta ƙyalƙyale da dariya daga madafa. Ni ban yi dariya ba, don a ranar wani maƙwabcinmu ya tare ni a ƙofar masallaci, a gaban mutane, ya ce, "Malam, hannunka ya yi kyau a takardar nan. Sai dai daga zaurena ina hango kan audugar gidanku ta saman katanga. Ko dokar ba ta shiga gidan marubuci?" Aka yi ta dariya.

Ana gobe wa'adi zai cika, mahaifiyata ta tafi cikin birni gaisuwar rasuwa. Tana fita na ɗauki gatari. Matata ta tsaya a gabana ta ce, "Malam, ka bari ta dawo mana." Na ce mata harkar hukuma ba ta mata ba ce. Na sare tushen audugar duka uku, na tono saiwar, na tara a tsakar gida. Ɗanye ne, ya ƙi kamawa, sai da na zuba kananzir. Na bar hayaƙin ya tashi sosai, don maƙwabcin nan ya gani.

Bayan la'asar mahaifiyata ta dawo. Ta tsaya a kan tokar, ta daɗe tana kallo. Na shirya jawabi mai tsawo a kan biyayya ga shugabanni, har da aya, amma ba ta ba ni ƙofar faɗa ba. Ta ce, "Sannu da aiki," ta shige ɗakinta.

Bayan kwana uku malamin gona ya zo zagaye. Ko sauka daga kan kekensa bai yi ba, ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya a ƙofar zaure ya ce, "Akwai auduga a gidan nan?" Na ce akwai da, amma na ƙone ta da hannuna. Ya ce, "Madalla," ya taka kekensa ya wuce. Bai shiga gidan kowa ba, kuma da ma ba a shiga gidan matan aure. Daga baya na ji cewa tsofaffi biyu a layinmu sun bar tasu har ta fashe, suka tsinke, sannan suka ƙone kararen, ba wanda ya ce musu uffan.

Na sayo wa mahaifiyata auduga mai kyau daga kasuwa, ta karɓa ta yi godiya, ta kaɗa zare aka yi mini hula. Da damina ta faɗi na ce ta kawo irin da ta ajiye in shuka mata da kaina. Ta ce ta ba awaki. "Ba zan shuka abin da zai sa a yi maka dariya a masallaci ba," in ji ta.

Cikin daminar nan ciwo ya kwantar da ita. Wata safiya na zauna kusa da ita na ce, "Inna, ki yafe mini maganar audugar nan."

Ta ce, "Na yafe tun ranar. Ba audugar ce ta dame ni ba. Da ka tsaya na dawo ka ce mini ka ji kunya, da ni zan miƙo maka ashana."

Bayan mako ɗaya ta rasu. Matan da suka yi mata wanka suka aiko cewa mayafi bai kai ba. Na tafi kantin wani Ibo da ke bakin titi, wanda ya san ta, don wurinsa take sayen allura. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya cire hularsa ya ce, "Allah Ya jiƙan Mama." Ya auna alawayyo, ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi, ya ja da hannu biyu. Aka naɗe ta da nata saƙin daga ciki, na kanti daga waje.

Ban taɓa cewa dokar ba ta da dalili ba. Manoma sun sha wuyar tsutsar nan, kuma wanda ya kafa dokar bai san da wata tsohuwa a Tudun Wada ba. Ni ne na san da ita. Abin da na gane da girma ya zo shi ne, ba tsoron alƙali ne ya ɗora mini gatari ba, dariyar mutum biyar ce a ƙofar masallaci.

Na yi karatu daidai gwargwado, na san duk farin ƙyalle mai tsarki ya isa likkafani, kuma ba tufafi ake tambaya a kabari ba. Na sha faɗa wa masu makoki haka, na ga hankalinsu ya kwanta. Ni dai har yau ban samu wanda ya faɗa mini na ji sanyi ba. Allah Ya jiƙanta, Ya tufatar da ita da abin da ya fi wanda na ƙone.