Nauyi Sau Gudu

Shekara shida na yi ina koyar da fiziks a wata sakandare a Shagari, kuma babu darasin da nake ji da shi kamar na momentam. Nakan rubuta a allo: nauyin abu sau gudunsa. Ko wanne ya ƙaru a cikin biyun, tsayar da abin sai ya ƙara wuya. Ɗalibin da ya manta, bulala biyu.

Surukina manomi ne a Kajiji, kuma bai taɓa yarda cewa koyarwa aiki ne ba. A wurinsa, ni mutum ne da gwamnati ke biya don ya ƙarar da alli. Abin yana ci mini rai ƙwarai, kullum ina neman ranar da zan wanke kaina a idonsa.

Bayan girbi ya ba mu gero buhu biyu. Ya ce a kira ɗan kabu-kabu, wato mai babur ɗin haya, na ce ai ina da nawa babur. Ya dubi buhunan, ya dube ni.

"Malam, in ka ɗauko kaya, tun daga nesa aka hwara taka burki. Kaya ba su san ka iso gida ba."

"Haba Baba, ai shi nika koya ma yara," na ce, har da murmushi.

Yana da uzuri a Shagari ranar, amma ya ƙi hawa bayana, ya biyo ni a kabu-kabu. Ganin yana baya, na ƙara wuta. Da na iso bishiyar ƙofar gida, inda na saba taka burki kullum idan ni kaɗai ne, na taka. Babur bai ji ba. Gero ya ci gaba da tafiyarsa, ya tafi da ni, muka keta zanan gidan, muka fasa randar matata, sannan muka kwanta tare cikin ruwa.

Surukina ya sauka a natse. Buhunan ya fara dubawa, ya tabbatar ba su jiƙe ba, sannan ya juyo kaina.

"Sannu Malam. Ashe geron ya hi ka gane karatun."

Kunyar da na ji ta fi ciwon da na ji a gwiwa nesa ba kusa ba. Ranar Litinin na shiga aji ina ɗingishi, na bar bulalar a ofis, ban kuma sake ɗaukarta ba.

Har yau yana aiko mana gero duk kaka. Ɗan kabu-kabu yake ba.