Zaren da Yaya Kulu ke sawa cikin ninkin zane

Shekara tara ke nan cif da aka ɗauki yayata Kulu daga gidanmu na Jega Firchin zuwa makwancinta. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya, har wurin da laifi ya faɗo kaina.

Yaya Kulu dillaliya ce, ni ke bin ta da ƙunshin kaya. Daga Jega har Aliero da ƙauyukan Maiyama, babu gidan kulle da ba a ɗaga mata labule. Tana da dabara guda. In ta bar wa mace atamfa ta kwana biyu ta duba, sai ta soke ɗan jan zare cikin ninki na uku. In kaya suka dawo zaren na nan, ba a ko buɗe ba, ba ta sake tayar da maganar. In zaren ya faɗi, an warware. In kuwa zanen ya dawo da ƙamshin turaren ɗaki, to an ɗaura an duba madubi, ciniki ya faɗa. Ko a haka sau biyu take komawa. Takan ce na uku roƙo ne.

Yau ɗiyarta Balkisu ke riƙe da sana'ar, amma a waya. Ta zaunar da ni ta nuna mini yadda abin yake. Wayar na ƙirga waɗanda hoton zane ya gifta ta gabansu, da waɗanda suka taɓa shi da yatsa, da waɗanda suka saya. Wadda ta taɓa ba ta saya ba, zanen zai yi ta bin ta duk shafin da ta buɗe, safe da yamma, har ta gaji. Na ce wannan ai zaren uwarki ne, sai dai an cire masa kunya. Ta yi dariya ta ce zamani ne, Inna.

Da a nan abin ya tsaya, da ban nemi a rubuta komai ba.

Bara Balkisu ta zo tana ƙorafi: masu gani da yawa, masu saye kaɗan, kuma kowace taɓawa biya take yi. Wani mai haɗa mata tallan ya ce ta daina watsa iri a kan dutse, ta kawo lambobin wayar mutanen da aka san halinsu, a raba su kashi-kashi, kowa a aika masa abin da ya dace da shi. Lambobin tana da su. Halin mutanen kuwa a cikina yake, shekara talatin ina ɗauke da shi. Ta ce, "Inna, ke kaɗai kin san gidajen ga. Wa ke da ɗiyar aure, wa ke son leshi, wa ya taɓa saida zinari?"

Na faɗa mata. Babu wanda ya tilasta ni. Daɗi na ji da aka tuna ina da amfani, na yi ta zuba har la'asar. Ni da nake tsawata wa yara kan yawan surutu. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa ranar na manta.

Cikin sunayen akwai wata baiwar Allah a wajen Maiyama, ba zan ƙara faɗin sunanta ba. Shekarar da albasar mijinta ta ruɓe kaf a ajiya, ta kira Yaya Kulu ƙuryar ɗaki ta miƙa mata sarƙar zinarin aurenta. Yaya ta sayar a Jega, ta samo mata ta ƙarfe mai kama da ita sak, don kada a ga wuya ba komai. Matar ta ce wa maigida ɗan'uwanta ne ya aiko da taimako. Da kuɗin sarƙar nan gidan ya ci har kaka. Mu uku muka sani. Yaya ta tafi da nata kason kabari.

Saƙo ya shiga wayar matar da sunanta, yana cewa tunda ta taɓa sayar da zinari ta hannun gidan nan, ana saye har yanzu da farashi mai kyau. Ita ma ba ta karatu. Ɗanta babba ya karanta a tsakar gida, maigidan na zaune kan buzunsa. An ce bai yi faɗa ba. Ya ce a ɗauko sarƙar, ya juya ta a hannu, ya ajiye. Tun ranar ba ya haɗa ido da ita, don kunyar shekara ashirin da ya yi yana gode wa surukin da bai ba shi komai ba.

Da na kai wa Balkisu maganar, ta duba waya ta ce ai wannan tallan ya fi kowanne tasiri, kusan duk wadda aka aika wa ta buɗe. Ba mugunta ba ce. Abin da wayar ta ƙirga ta faɗa mini, kuma wayar ba ta da gurbin da ake ƙirga irin wannan.

Me Yaya Kulu za ta ce in ta ga yau? Ba na jin za ta zagi waya. Ita ma mai sa ido ce, ta fi kowa sanin abin da ke cikin akwatin mata. Bambancin, ita in ta sani shiru take yi. Ni za ta kalla, irin kallon nan nata, ta tambaye ni wa ya aike ni.

Bayan ƙaramar salla na ɗauki atamfa mafi kyau a kayan Balkisu, na soke jan zare a ninki na uku, na shiga mota har garin mai sarƙar nan. Matar ta karɓe ni, ta ba ni ruwa, ta tambayi mutanen gida. Na bar mata zanen na ce ta duba.

Bayan kwana biyu direba ya kawo mini shi Jega. Na buɗe da kaina. Zaren na nan inda na sa shi.

Sau biyu Yaya ke komawa, amma sai in zaren ya motsa. Abin da ya rage mini nata ke nan: na san karanta amsar. Allah ya jiƙan Kulu, ya haskaka makwancinta, ni kuma ya yafe mini bakina.