Tabon Ƙarambau a Goshin Yayana

Shekarar da agana ta shigo Toranke ina yarinya, amma wallahi har yau ban manta da ita ba. An kafa bukkoki a bayan gari, duk wanda ta kama can ake kai shi. Sai ga masu lamba, wato masu rigakafi, daga Gaya da umarnin gwamnati: kowa ya miƙo dantse, in ban da wanda ya taɓa yin ciwon, don shi ba ta sake kama shi.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce rahama ce, wasu suka ce ai lambar ce ma ke kawo cutar. Babanmu na cikin masu ƙi, kuma mutum ne mai taurin kai, Allah ya ji ƙansa. Ya tura mu ƙanana cikin rumbu, shi kuma ya ɗaure dantsensa da tsumma wai an yi masa a kasuwar Ajingi. Yayana ne bai sami ɓuya ba, aka kamo shi a bakin rijiya.

A gaban dagaci Baba ya nuna tabon da ke goshin Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ya riga ya yi." Ƙarambau ne fa kawai ya yi yana yaye! Aka sake shi.

To, a garinmu waɗanda suka taɓa yin agana su ke kai wa masu jinya abinci. Ba a daɗe ba dagaci ya aiko cewa Yaya ya fara kai kunu bukkoki.

Innarmu ta ɗora hannu a ka. "Malam, ka kashe min ɗa! Je ka faɗa musu gaskiya!"

Baba ya ƙi. Ya koma gaban dattawa ya ce ƙarya ya yi? Ina! Ni dai na maƙale a bayan ƙofa ina kallon Yaya ya ɗauki ƙwaryar kunu. Ya kai zaure ke nan Baba ya fizge ƙwaryar ya ce, "Koma ciki." Ya tafi da kansa. Haka ya yi ta yi kullum, yana ce wa mutane yaron ba shi da lafiya.

Zazzaɓi ya kwantar da Baba kafin masu lamba su sake zagayowa. Ranar da suka dawo yana cikin bukka. Inna ta ja mu muka tsaya daga nesa, ta ɗaga murya ta faɗa masa sun zo. Da ƙyar muka gane muryar da ta amsa.

"Kai su duka. Ki fara da babban."

Aka yi mana, ko kuka ban yi ba. Baba bai fito daga bukkar nan ba.