Keken da ya haɗa ni da surukina

"Au, ashe ka iya ɗaga kai?"

Da haka Alhaji surukina ya tare ni yau, ina durƙushe a zaurensa, dattawa sun zuba mini ido.

Duk keke ya ja mini. Ran da na je saye, mai shago ya nuna mini guda biyu: na doguwar tafiya, wanda ake hawa kai a ɗage, da na tsere, wanda ake duƙawa kamar mai ruku'u. Ya ce in ɗauki na farko. Na ƙi, wai ni gudu nake so.

To jiya na taho a guje daga Kance, kai a ƙasa, ido a kan gudron, wato kwalta. Ashe Alhaji na zaune a bakin hanya a Matamaye, har ya ɗaga mini hannu. Na wuce shi fuu!

Na ce, "Wallahi Baba ban gan ka ba, haka ake hawansa."

Ya ce, "To nemi wanda ake ganin mutane a kansa."

Yanzu maiɗakina ta daina kula ni, mai shago kuma ya ce babu musaya.

Jama'a, akwai mai son keken tsere? Ya yi magana, amma fa ban da wanda ke da suruki a Matamaye.