Allurai a Kunnen Auta

Ko zan manta da komai na shekarar da ƙanena ya zo gida jinya, ranar da Inna ta ga allurai a kunnensa ba za ta fita daga raina ba. Shi ne autanmu, soja ne. Motarsu ta kife a bakin aiki, ƙugunsa ya bugu. Bayan ya daɗe a asibitin sojoji ya ɗan koma aiki, sannan aka ba shi hutu, ya iso Kamarawa da kaka, ana tsakar yankan gero. Da doguwar riga da hula ya zo kamar ɗan kasuwa, don a yankinmu ba a shelar cewa akwai soja a gida.

Washegari da azahar yana alwala ya ture hularsa, sai Inna ta hango wasu 'yan ƙarafa a cake a kunnensa, kowanne bai kai ƙwayar dawa ba. Ta saki ƙwaryar da ke hannunta.

"Innalillahi! Auta, jihwa anka yi maka! Allurai na!"

A wurinmu in aka ga allura a jikin mutum, to aikin maƙiya ne, ba a ko tambaya. Ya yi murmushin ƙarfin hali ya ce, "Inna, likita na yas sa mini su, wai suna rage ciwo. Da kansu za su hwaɗi."

Inna ba ta yarda ba. Ni ma ban yarda ba, sai dai ni na ɗan taɓa boko, ban tsaya kan jifa ba. Rainin hankali na gani. Mutum ya ji rauni saboda ƙasa, ciwo a ƙugu, a soka masa allura a kunne, allurar ma ba ko ɗigon magani a cikinta? Na ce maganinsu ne ya ƙare suka sallame shi da wayo. Ni kuwa in na hau, ba na saukowa da wuri.

Da la'asar ciwon ya taso. Ban taɓa ganin irinsa ba. Yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, gumi ya jiƙe rigarsa sharkaf, ƙafarsa ta dama tana karkarwa, ya cije hannun riga don kada maƙwabta su ji nishinsa. Hankalina ya tashi. Inna ta ɗauko hantsakin cire ƙaya tana addu'a, ni kuma na fizgo hijabi. Na san hanyar garin Isa ba ta da kyau da yamma saboda 'yan bindiga, amma na san kemis ɗin da ba ya tambayar takardar likita a can.

"Za ni sawo maka ƙwayar ciwo, mai ƙarhin," na ce da shi. "Su riƙe allurassu."

Ina juyawa na ji ya damƙe bakin zanena.

"Yaya, don Allah kak ki tahi." Da ƙyar muryarsa ke fita. "Ƙwayag ga na hi ki saninta. Ɗaya anka hwara ba ni. Daga baya ni ka nema da kaina, ina haɗiya awa gyaɗa. Rannan ina gadi barci yak kwashe ni da bindiga a hannu, abokaina na kwance sun dogara gare ni. Allah ɗai yat tsare. Shi yas sa likita yat tsaida ta."

Na juyo gare shi. Na ce, "To kai ka yarda da alluran ga?"

"Ban sani ba, Yaya. Wata rana in ji sauƙi, wata rana awa ba a yi komi ba. Amma ƙwayar na yarda da ita ƙwarai, kin ga inda tak kai ni. In kin kawo ta gidan ga, ba ni iya ƙin ta."

Na cire hijabin na zauna. Inna ta ajiye hantsaki ta ɗora ruwa a murhu. Tana gasa masa ƙugu da tsumma mai ɗumi, ni ina ɗaga ƙafarsa a hankali yadda ya ce an koya masa a asibiti. Wallahi tsoro nake ji. Duk nishin da ya yi sai zuciyata ta ce mini zama na yi ina kallon ɗan'uwana yana shan azaba, alhali magani yana nan kusa.

Gab da magariba ya saki hannun rigar, ya nemi fura. Alluran ne, ruwan ɗumin ne, ko addu'ar Inna, har yau ban sani ba. Bayan 'yan kwanaki suka faɗi da kansu kamar yadda ya ce. Inna dai ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta yi musu tofi, ta binne bayan rumbu.

Ya koma aiki. Ƙugun yana motsa masa in sanyi ya shigo, amma bai sake haɗiyar ƙwayar ba. Ni kuwa tun daga ranar na koyi tsayawa in tambayi mai ciwo abin da ya fi tsoro kafin in ruga nemo masa sauƙi. Da na kama hanyar Isa a yammacin nan, da ni ce zan kawo wa Auta abin da zai gama da shi, da hannuna, saboda tausayi.