Giɓi Biyu, Giɓi Ɗaya

Ƙanena, wanda kowa a layinmu ke kira Mai Makulli, ya yi ƙuruciyarsa yana yanka makullai a ƙofar kasuwa, ni kuma ina ɗinkin takalma kusa da shi. Hannunsa na da kyau. In makulli ya ƙi shiga kwaɗo, sai ya goga magagari kaɗan ya hure, ya shiga. Haka ya ɗauki duniya ma.

Da ya manyanta ya sayi tsohon injin surfani, yana buga bajon makaranta a rigunan yara. Wata tsohuwar kwamfuta ce ke ba injin umarni, ta yi rawaya don tsufa. A cikinta akwai katin da ke magana da injin, kuma ba ya zama sai a irin allonta na da, wato faifan cikinta da ake dasa duk kayanta a kai. Da wannan injin ya aurar da 'ya'ya, ya yi wa gidanmu rufin kwano.

Wata safiya, ana gab da komawa makaranta, riguna tuli a shago, kwamfutar ta ƙi tashi, sai kuka take ƙit-ƙit. Injiniya, mai gyaran da ke bayanmu, ya buɗe ta ya zaro wani siririn abu kamar mataji. Ya ce sunansa ram, nan take riƙe abin da take yi, kuma ya mutu.

"Duba ƙasansa, Baba. Giɓi biyu ne. Na shaguna yanzu giɓi ɗaya gare su. Sai na tona wajen 'yan gwangwan."

"Yaushe?"

"In Allah Ya kawo."

"Kai da ko kiran salla sai an tayar da kai? Yara su tafi makaranta tsirara?"

Injiniya ya yi dariya. "Tsohon nan, kar dai ka taɓa ta."

Ƙanena ya jira har mai makarantar da ya kawo rigunan ya fara aike, sannan ya kasa haƙuri. Ya je ya sayo mai giɓi ɗaya, ya gwada, tsawonsu daidai. Na ga ya ɗauko magagari.

Na ce, "Yaron nan fa ya ce a bari."

"Yaya, giɓi ne kawai ya rage. Ai sana'ata ce."

Ya yanka giɓin tsaf, ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Ya danna ya zauna. Da ya kunna, wari ya tashi kamar an sa roba a wuta.

Da yamma Injiniya ya sunsuna, ya zauna a benci. Ya ce giɓin ba ado ba ne, an yi shi ne don wanda wutarsa ba ta dace ba ya ƙi shiga. Allon ya ƙone, irinsa kuma ya fi ram wuyar samu.

An kwashe rigunan aka kai wani wuri. Ana cikin kwashewa wata mata cikin 'yan gwangwan da Injiniya ya yi wa magana ta aiko da ram mai giɓi biyu, a ƙunshe cikin takarda. Ƙanena ya juya shi a tafin hannu.

Ya yi shekaru yana neman allo. Duk wanda zai yi tafiya sai ya bi shi da sallahu. Har Allah Ya yi masa rasuwa injin na lulluɓe da zani, yana shafa masa mai duk mako don kar ya yi tsatsa.